Gurasa Bakwai Don Raushan

A wani kantin magani kusa da tashar mota ta garin Shymkent Dauren ya fara ganin Akbota. Man leɓe ya shigo saya, don iskar jejin da yake aiki tsattsaga baki take yi. Ta miƙo masa, shi kuwa ya tsaya kamar an dasa shi.

"Bawan Allah, da sauran abu?"

"Akwai. Maganin kwana goma sha biyar ban sake ganinki ba."

"Wannan sai da takardar likita," ta ce tana danne dariya. Amma a bayan rasit ta rubuta masa lambarta.

Dauren ma'aikaci ne a babban kamfanin haƙar yuraniyom. Kwana goma sha biyar yana jeji cikin rijiyoyi da bututai, goma sha biyar yana gida. Waya ba ta kamawa a sansaninsu sai an hau wani tudu, don haka kullum lokacin abincin rana yakan bar farantinsa ya hau ya kira ta.

"Botata," haka yake kiran Akbota, "yau raƙuma shida suka wuce ta rijiya ta tara. Duk na gaishe su da sunanki."

"Raina, ka ci abinci dai. Saura kwana takwas, a jikin kwalin magani nake ƙirgawa."

Ranar da ya je gaida mahaifiyarta, Gulnar-apa, wadda ake kira Apa, wato Inna, hira ta yi daɗi har aka zo kan sana'a. Da jin kalmar yuraniyom ta ɗauki butar shayi ta cika masa kofi har baki. A can kowa ya san baƙon da ake so kaɗan-kaɗan ake zuba masa don ya daɗe. Cikakken kofi kuwa sallama ce.

"Apa, namu ba na bam ba ne," ya ce a hankali. "Tashoshin lantarki ake kaiwa, a haskaka asibitoci da gidaje. Ga na'urar da nake ratayawa, tana auna duk abin da ya taɓa jikina."

"Mu ma an ce mana babu komai, ɗana. Sha shayinka."

A wani ƙauye kusa da garin Semey ta girma, inda aka yi shekaru ana gwajin bam. Ƙanwarta Raushan ba ta kai sha biyu ba ciwon jini ya ɗauke ta.

Dauren ya koma jeji. Kwana huɗu babu saƙo. Ga ɗan maƙwabta, wani likitan haƙori, ya fara sintiri da kwalin alewa, Gulnar-apa tana yabon hankalinsa. Akbota takan ɗaga waya ta ajiye, ta ba mai tari maganin ciwon kai sai ya tuna mata. Ta gama yarda cewa ya haƙura da ita, ashe ƙanƙara ce ta rufe hanyar tudun.

A rana ta biyar saƙo ya shigo: "Botata, kewarki ta hana ni sakat. Yaya sunan ƙanwar Apa da ta rasu?"

Ranar Juma'a Gulnar-apa tana kicin tana soya gurasa bakwai, kamar yadda take yi kowane mako bisa al'adarsu don ƙamshin mai ya isa ga mamata, sai Akbota ta shigo da waya ta miƙa mata.

Hoto ne. Dauren cikin kayan aiki a kicin ɗin sansani, yatsa biyu a naɗe da bandeji, gabansa gurasa bakwai, wata kamar takalmi, wata ta ƙone. Ma'aikata sun kewaye shi, tafin hannuwansu a buɗe. A ƙasa ya rubuta: "Mun yi wa Raushan addu'a, mu talatin da ɗaya. Ki ce wa Apa ban zo jayayya ba. Abin da ya same su gaskiya ne, kuma ba zan bari 'ya'yanmu su manta sunanta ba."

Gulnar-apa ta daɗe tana kallo. Shekara arba'in ita kaɗai ke ambaton wannan suna a kan kasko. Ta share ido da gefen ɗankwali.

"Man bai yi zafi ba ya jefa," ta ce. "Dubi ɓarnar fulawa. Ki ce wa wannan sakaran ya zo in koya masa."

"Apa, da gaske?"

"Ya taho da na'urar tasa. Kowane wata ni zai nuna wa abin da ta auna, ba ke ba."

Da bazara, lokacin da ƙanƙara ta narke jajayen furanni suka rufe jeji, mahaifiyar Dauren ta zo ta sa wa Akbota 'yan kunnen baiko. Ranar biki, bayan an yaye wa amarya mayafi, Dauren ya raɗa mata, "Raina, yau ba sai na hau tudu ba."

Gulnar-apa ta ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit.

"Allah ya ba ku 'ya'ya masu lafiya, ku tsufa ku ga jikokinsu. Kai kuma, ɗana, duk tafiyar da ka yi, Allah ya dawo mana da kai da ƙafarka."

Ɗakin ya ɗauka da amin.