Layi Shida a Aikin Tahira

A cibiyar koyon kwamfuta ta Minjibir Ja'afaru ya fara ganin Tahira, ranar da aka zaunar da su kusa da juna suna koyon rubuta manhaja. Ya leƙa aikinta, ya ga alamar baka da ake buɗe umarni da ita tana zaune ita kaɗai a layinta.

"Malama, me ya sa kike ware ta? Ni a ƙarshen layi nake maƙala tawa."

"Shi ya sa aikinka ya cushe kamar geron da ba a ba tazara ba," in ji ta.

Tun ranar yake kiranta Mai Tazara.

Sai jarrabawar neman gurbin karatu a Kano ta zo, mutum ɗaya za a ɗauka. Tahira ta tashi sallar la'asar, ta bar aikinta a buɗe. Ja'afaru ya hango kuskure, ya gyara layi shida, bai gaya mata ba. Hannunsa kuwa ya bi abin da ya saba.

Mai dubawa ya ga baka a ƙarshen layi har wuri shida, ya ce hannu biyu ne. Aka soke sunanta. Ja'afaru ya je ya faɗi gaskiya, aka soke nasa, ba a mayar da nata ba. Sabiru, ɗan ajinsu, ya samu gurbin, ya kuma turo neman aurenta.

Da Ja'afaru ma ya turo nasa neman, mahaifinta, Malam Dabo, ya ce, "Wanda ya taɓa aikin 'yata ba izini, shi zan ba amanarta?"

Ja'afaru ya tura mata saƙo: "Mai Tazara, na so ki wuce ne, sai na tare miki hanya. Ki karɓi Sabiru, zai kai ki Kano."

Ta amsa: "Kuskurena ne, da ka bar mini shi. Ban yafe ba tukuna. Amma kai da kanka ka je ka faɗi gaskiya, ba wanda ya tilasta ka. Na gaya wa Baba haka."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aurenta da Ja'afaru, Malam Dabo ya sa albarka murya ƙasa-ƙasa. Ba a sake buɗe gurbin ba.

Yanzu a takarda take rubuta manhajarta, a gindin darbejiyar tsakar gida. Wata rana Ja'afaru ya leƙa.

"Na ga kuskure, amarya."

"Na sani."

Ya mayar da hannuwansa aljihu, ya zauna kusa da ita. Allah ya ba su zaman lafiya.