Basillar Kaka a Cikin Kwalba

"Ke kika ɗauka!"

"Ban ɗauka ba, Kaka. Aro na yi."

"Aro? Wa kika tambaya, akuya?"

Kaka Yakura tana tsaye, rabin tabarma a hannunta. Basilla ɗaya gare ta, wadda ta gada wurin mahaifiyarta. Da ita take haɗa saƙar kaba. Kwana da kwanaki tana nema. Har ta bubbuge akuyar gidan a kan zargi.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ga yadda abin ya faru.

A lakwal ɗinsu na Gure, wato makaranta, malaminsu Mushe Fadilu ya jera kwalabe uku a taga. Ɗaya ruwan sama, ɗaya ruwan rijiya, ɗaya ruwan da aka jiƙa gishirin mangul. Kowace ya jefa mata ƙusa.

Yarinyar ta daina jin karatu. Kullum idonta yana taga. Tsatsa tana sauka daga ƙusoshin a hankali, ja-ja, tana taruwa a gindin kwalba kamar tudun rairayi. In rana ta haska, sai ta ga ayarin raƙuma ƙanana suna hawa tudun. Wani lokaci har ta ga kanta a bayan na gaba.

Ta so nata tudun a gida. Ba ta sami ƙusa ba, sai basillar Kaka. Ta jefa ta cikin kwalbar ruwa, ta zuba mangul da yawa, ta ɓoye kwalbar bayan randa.

Yanzu da ta ɗauko, tudun ya yi kyau. Basilla kuwa ta yi ja, kafarta ta toshe.

Kaka ta karɓe ta. Ta zauna kawai tana kallon basillar. Wannan kallon ya fi bulala zafi.

Yarinyar ta ruga gidan Mushe neman taimako, Kaka na biye da ita da basillar.

Mushe ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya irin ta aji. "Ehem! Ruwa ba ya tafiya shi kaɗai, Iya. Akwai ƙarafa narkakku a cikinsa, ido ba ya gani. Har cikin gishiri akwai irinsu. Su ke sa tsatsa ta yi sauri ko ta yi nawa. Wata ta fito lukui kamar garin lalle, wata ɓawo-ɓawo."

"Ni basillata za ta tashi?" in ji Kaka.

"Sama-sama ta ci. A goge ta da rairayi da toka, a shafa mata mai."

Yarinyar ta zauna gindin goruba tana gurzawa, har yatsunta suka yi zafi. Ta tsokale kafar da ƙaya. Can sai ƙarfen ya yi walƙiya. Kaka ta zura kaba, ta wuce sumul.

"Ki yafe mini, Kaka."

"Na yafe. Amma ki riƙe wannan: kayan mutum, ko allura ce, a tambaye shi kafin a taɓa."

Washegari Mushe ya aiko wa yarinyar tsohuwar ƙusa, ta yi nata tudun a fili. Kaka ta daɗe tana leƙa kwalbar. Sai ta miƙe ƙafa, gwiwarta ta yi ƙaras.

"Kun ji ko? Tun ina yarinya nake shan ruwan rijiyar nan. Tsatsa ce. Miƙo man nan in ɗiga mata."