Muryar Nuriyya a Kashi Na Biyu

Ranar kasuwar Kanan-Bakashe ce. Laminu ya kafa teburinshi gindin dogon yaro yadda ya saba. Daga Tasawa yake zuwa bisa moto mai ƙafa biyu, da ordinatarshi, watau kwamfuta, cikin jaka. Sana'arshi tura ma mutane fim cikin kart ɗin waya, kuma shi ke ɗora Hausa bisa maganar Turawan da bakinshi. Muryar namiji shi ne, ta mace ma shi ne, sai dai ya matse maƙoshi.

Samari sun zagaye shi ana gardamar Ɗan Guguwa. Sunan da mutane sunka sa ma wani fim ke nan, na wani mutum mai tashi sama yana juya iska yadda ya ga dama. Kashi na ɗaya ya ƙare maƙiya sun kulle shi cikin kejin ƙarfe ƙarƙashin teku, likitar da yake so kuma ta faɗo daga dogon bene. An ce kashi na biyu na tahe, kowa da abin da yake jira.

"An canza jarumin," in ji Moctar, ɗan mai butik, babban kantin nan na bakin tasha. "Na gani cikin gurup ɗinmu na waya. Wancan ya yi tumbi, iska ba ta iya ɗaukar shi."

"In an canza shi ba mai kallo," wani ya ce.

"Likitar dai ta mutu. Wata za su kawo mishi, an ce 'yar Indiya."

"Ba ta mutu ba."

Duk sunka juya. Wata yarinya ce cikin hijabi ruwan ƙasa, kart ɗinta a hannu. Nuriyya, ɗiyar Malam Hamani mai awon hatsi.

Laminu ya ce, "Daga bene fa ta faɗo, 'yan mata."

"An nuna maka gawa? An nuna jana'iza? Ita ce za ta shiga tekun ta buɗe shi, ku zauna nan."

Laminu ya kalle ta, ya manta kart ɗin wa ke cikin ordinatar.

Ta miƙa mishi nata ta ce, "Kuma don Allah ka daina yi mata murya. Duk sanda ta buɗe baki sai in ji kamar an taka wutsiyar ɗan akuya."

Samari sunka kwashe da dariya. Shi ma ya yi. Kafin a watse ya samu nimeron wayarta.

Da yamma saƙo ya shigo mata.

"Salamu alaikum. Ɗan akuyan ɗazu ne. Ina neman gafarar kunnuwanki."

Ta mayar: "Wa alaikumus salam. An yafe, amma kar a ƙara."

Daga nan hira ta kama. Yau gardamar wa zai hito a mugu, gobe ko Ɗan Guguwa na da ƙane ɓoye, jibi kuma babu maganar fim ko ɗaya. Ya koma kiranta Nurina. Ita kuma Malam Fassara take ce mishi, in ta ji daɗi ta ce Lamina. Innarta, Sa'a, ta sani, don Nuriyya ba ta ɓoye mata. Abin da ta ce kawai, "In da gaske yake ya san hanyar zaure."

Wata rana ya rubuto: "Nurina, na yayyanko hotuna daga kashi na ɗaya, na haɗa yadda kika ce kashi na biyu zai kasance. Wasa ne, mu biyu kawai. Ki yi mini maganar likita ta vokal, saƙon murya, in ɗora, ki huta da ɗan akuya."

Ta shiga bayan rumbu ta kara waya a baki. Abin da ta faɗa bai fi layi biyu ba: "Ko ƙarƙashin teku sunka kai ka, ni taka ce. Ka jira ni, zan zo in buɗe." Shi kuma ya amsa da muryar Ɗan Guguwa: "Ina jiranki, hasken idona."

Abin ya yi kyau. Ya yi kyau har Laminu ya kasa haƙuri. Da gardama ta sake tashi gindin dogon yaro ana cewa likita ta mutu, sai ya kunna musu don su yi shiru. Ya ce musu haɗi ne. Ba wanda ya ji wannan. Moctar ya ce a tura mishi, ya tura.

Shi Moctar ya taɓa zuwa zance wurin Nuriyya, ta ce mishi ya yi haƙuri. Muryar ba ta ɓace mishi ba. Ya nemo hotonta na wani biki, ya liƙa jikin bidiyon, ya rubuta: "Kashi na biyu ya kusa. Ga sabuwar likita, ɗiyar Kanan-Bakashe." Ya watsa cikin gurup.

Mutane sun daɗe suna jiran su ji wa za a sa. Sai ga amsa, kuma 'yar gida. Daga waya zuwa waya ya kai Mayahi, ya kai Bawdeta. Wata tsohuwa ta shigo har tsakar gida yi ma Inna Sa'a barka, tana tambaya jirgin Amerika nan zai sauka ko Maraɗi, kuma ita ma yarinyar za ta riƙa tashi sama.

Malam Hamani a bakin masallaci ya ji. Wani saurayi ya kunna, muryar ɗiyarshi na ce ma wani ƙato ita tashi ce, dattawa na zaune. Ya shigo gida bai ko cire takalmi ba.

"Nuriyya, muryarki ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Wa kike ce ma ke tashi ce?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kawo wayar. Daga yau ba kasuwa, ba rijiya, ba gidan kowa. Ƙafarki kar ta taka zaure."

Haka anka yi. Nuriyya ta koma daga ɗaki sai turmi, daga turmi sai murhu. Ita an kulle ta, muryarta kuwa na yawo. Tana cikin daka sai amalanke ta wuce bayan katanga, ta ji kanta cikin wayar mai amalanken tana cewa zan zo in buɗe. Sai ta aje taɓarya ta zauna. Ƙawayenta sunka daina shigowa, iyayensu sun hana, wai 'yar fim ce. Abin da ya fi cin ranta, ta ɗauka Laminu ne ya sa hoton.

Laminu ya ɗauko baffanshi Ishaƙu sunka zo gaisuwa. Malam Hamani ya bar su tsaye har ƙafa ta gaji, sannan ya ba su tabarma. Baffa Ishaƙu ya ce kuskure anka yi, kuma yaron da aure ya zo.

Malam Hamani ya dubi Laminu. "Kai ne mai ordinatar?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ka zuba muryar ɗiyata cikin wayoyin mutane. Je ka kwashe ta duka ka maido mini. Ranar da na daina jin ta a hanya, ka dawo mu yi magana."

Baffa Ishaƙu ya buɗe baki, Malam ya tashi ya shige gida.

Inna Sa'a ta ga ɗiyarta na ramewa. Rannan da hantsi Malam ya tahi kasuwa, ta ciro ƙaramar wayarta daga ƙugu ta miƙa mata.

"Ungo. Rubuta mishi. Amma duk abin da kika rubuta ki karanta mini, abin da ya maido ma haka. Allah na ganinki in kin tsallake."

Nuriyya ta rubuta, ta karanta: "Laminu, ka ce mu biyu kawai. Ka sa hotona duniya ta gani. Ina cikin gida kamar tunkiyar layya. Mi na yi maka?"

Ba a jima ba amsa ta zo. Ta karanta ma Inna: "Nurina, kunnawa na yi don a san kin fi su gaskiya, wannan wautata ce. Amma wallahi hoto ba ni na sa ba, Moctar ne, duba nimeron da ya fara turawa cikin gurup. Ina Bawdeta yanzu ina gogewa. Ko abinci ba ya shiga. Ke ce numfashina."

"Numfashinshi," Inna Sa'a ta ce. "To da mi yake tuƙa moton? Ce mishi ya ci abinci."

Nuriyya ta yi dariya, karon farko tun da anka kulle ta, sai kuma dariyar ta koma kuka.

Laminu kuwa kasuwa kasuwa yake bi. Duk wanda ya kawo kart sai ya ce mishi, "Wannan ba fim ɗin gaskiya ba ne, ni na haɗa. Bari in goge in sa maka wani kyauta." Wasu su yarda. Wasu su ce baƙin ciki yake don 'yar Kanan-Bakashe ta samu shiga. Wasu su ja kart ɗinsu su koma wurin wani mai turawa, tunda Laminu ya nuna labaranshi na kashi na biyu ba tabbas. In ya goge ma mutum da safe, kafin azahar abokinshi ya sake tura mishi. A Isawan wani makiyayi ya sa muryar ta zama ƙarar kiran wayarshi, ya ce ba ya gogewa, raƙumanshi sun saba da ita.

Moctar ya zo gaban teburinshi yana murmushi. "Malam Fassara, yaya kwashe-kwashe? Ka bari kawai. In an rasa mai ɗaukar 'yar fim, ni zan taimaka."

Laminu ya miƙe. Sai ya tuna in ya yi dambe a kasuwar Kanan-Bakashe, labarin zai riga shi zuwa zauren Malam Hamani. Ya koma ya zauna.

Saƙon da ya aiko rannan gajere ne: "Nurina, na kasa. Ba ta kwasuwa. Amma ba zan daina ba."

Nuriyya ta karanta ma Inna. Ta aje wayar ta ce, "Shi ke nan, Inna. Nan zan tsufa."

Inna Sa'a ta ɗauki wayarta ta mayar ƙugu. Ta bari sai da Malam ya dawo la'asar, ta shimfiɗa mishi tabarma, ta dama fura ta aje. Yana ɗaga ludayi sai ga wasu sun wuce bayan katanga da waya a kunne, muryar Nuriyya na tashi. Ya aje ludayin.

"Kin ji ko? Har yanzu."

"Na ji, Malam. Gobe ma za ka ji. Har jikokinka sai sun ji. Ka ba yaro aikin da ka san ba ya yiwuwa."

"Shi ya jawo."

"Shi ya jawo, kuma ya zo ya durƙusa. Ni ban yi lekol ba, ban san boko ba, amma in tambaye ka. Mi ke ƙona maka rai cikin maganar nan?"

"Ɗiyata na ce ma namiji ita tashi ce, gari na saurare."

"Wa ya amsa mata cikin wayar?"

Malam ya kau da kai.

"Ba Bature ba ne, Malam. Muryar Laminu ce. Shi ta faɗa ma, shi ya amsa. Yanzu kowa ya ji, budurwa ce ke magana da saurayi, abin kunya. Ka ɗaura musu aure. Gobe wanda ya kunna, matar aure zai ji tana magana da mijinta, kunyar ta koma kanshi da ya kasa kunne."

"Watau in ba shi lada don ya yi ɓarna."

"Kulle ta da ka yi, ya rage waya ɗaya? Yarinya ta zama kara. Wanda ya liƙa hoton kuma na yawo yana cewa shi zai taimaka ya ɗauka. Shi kake so?"

Malam Hamani ya juya furar, ya juya, bai sha ba. Can ya ce, "Yana sallah?"

"Aika Tasawa a tambaya. Kana da mutane can."

Ya aika. Labari ya dawo mai kyau: yana sallah, shi ke riƙe da uwarshi, ba a taɓa jin shi da abin kunya ba sai wannan. Malam ya sa anka kira Baffa Ishaƙu.

Inna Sa'a ta miƙa ma Nuriyya wayar. "Wannan karon ba sai kin karanta mini ba."

Ta rubuta: "Lamina, ka daina gogewa. Baba ya ce ku turo."

Ya maido: "Alhamdulillahi. Nurina, don murna moto ma na kasa tayarwa."

Bayan an kai hatsi rumbu anka sa rana. Kashi na biyu har lokacin bai hito ba, gardama na nan yadda take: wasu na cewa jarumin ya rage tumbi an maido shi, wasu na cewa likitar ce za ta zama muguwa. Moctar bai zo ɗaurin aure ba, wai ya tahi Maraɗi sarin kaya.

Ƙofar gidan Malam Hamani ta cika. Anka shafa fatiha, anka raba goro da dabino. Mutane na gaisawa sai wani dattijo daga Isawan, wanda har yau bai yarda haɗi ne ba, ya matso ya kama hannun Malam.

"Allah ya sa alheri, Malam. To amma yanzu da anka yi auren nan, za ta dai shiga tekun ta buɗe bawan Allahn nan ko?"

Kowa ya juyo ya dubi Malam. Baffa Ishaƙu ya sunkuyar da kai.

Malam Hamani ya dubi dattijon, ya gyara hula, ya nuna Laminu da baki.

"Ga mijinta nan. Je ka tambaye shi."

Dariya ta ɓarke har cikin gida. Da yamma Nuriyya ta taka zaure, lulluɓe cikin zane, Inna Sa'a riƙe da hannunta har bakin mota.

"Ki riƙe sallah, ki riƙe mijinki. Abin da za ki faɗa mishi kuma ki faɗa mishi cikin ɗaki."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya rufa ma namu 'ya'yan asiri. Amin.