Wa Ya Kwashe Ƙoren Kiɗa?

Da hantsin ranar Asabar Safiatou ta tura ƙofar ɓangaren mata a istirahar da suka kama haya bayan Suwaidi, sai ta tsaya cak. Ƙoren kiɗa sun yi ɓatan dabo. Jiya da la'asar, bayan gwaji na ƙarshe, a kan kafet ta bar su manya da ƙanana, babbar ƙwaryar ruwa kuma tana kife cikin baho. Yau ludaya ne kawai a warwatse, sai wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki da aka bari a lungu.

Istiraha gida ne mai fili da doguwar katanga da ake haya don taro, maza gefe, mata gefe. Hausawan Suwaidi, na Najeriya da na Nijar, kamar tsibiri suke a tsakiyar Riyad, kuma sau ɗaya a shekara suke taruwa a nan su yi Bikin Iyali: gasar masa, langa, lalle, musabaƙar yara. Bana ne karon farko da 'yan matan ajin Asabar na Safiatou za su yi kiɗan ƙwarya da waƙa. Yara ne haifaffun nan, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su mayar maka da Larabci. Da ƙyar kwamiti ya yarda, kuma da sharaɗi: in abin ya watse ko ya jawo magana, an rufe ajin ke nan. Ƙoren kuwa daga Maraɗi aka zo da su cikin kayan wata hajiya, Safiatou ba ta san inda za ta samo ko ɗaya a garin nan ba.

Kiran 'yan sanda bai ma taso ba. Shekarar ce ake ta kamen waɗanda takardar zamansu, wato iƙama, ta samu matsala, kuma babu gidan da ba shi da wanda ake jin tsoro dominsa.

Safiatou 'yar Damagaram ce, mace mai kaifin ido da kaifin baki, kuma ranta ya ɓaci matuƙa. Amma ba ta yi ihu ba. Ta ajiye jaka ta fara dubawa. Lasifikar haya tana nan, tukunyar gas tana nan, har akwatin kyaututtukan yara ba a taɓa ba. A kan kafet, can cikin inuwa, akwai zagayen danshi daidai faɗin bakin ƙwaryar ruwa. Bahon kuma, wanda ta san sarai a buɗe ta bar shi don sauri, an rufe shi da faifai. Ta daɗe tana kallon faifan nan.

Ta fita wajen mai gadi, wani dattijo Bayamale da ke shan shayi a bakin ƙofa.

"Wa ya shigo kafin ni?"

"Mace ɗaya, bayan asuba. Ta ce ta biki ce, na buɗe mata."

"Ka ga fuskarta?"

Ya nuna idanunsa da yatsu biyu. "Abaya, niƙabi. Dukkanku ɗaya kuke a wajena."

"Ta daɗe a ciki?"

"Na sha shayi, na ƙara, ba ta fito ba."

"Da me ta zo?"

"Farar akori-kura. Direban bai sauko ba, bai yi sallama ba, ya naɗe fuska da rawani." Sai ya yi dariya. "Amma wallahi matar nan gwana ce. Ƙaton ɗauri ta ɗoro a kai, hannuwanta duka a sake, tana tafiya abinta kamar ba komai."

Safiatou ta yi masa godiya ta koma.

Wanda kowa zai fara zargi shi ne Malam Dalhatu, shugaban kwamiti, mutumin Kano mai shagon turare a Murabba. Shi ya fi kowa adawa da kiɗan. Ta sa aka kira mata shi zuwa ƙofar da ta raba ɓangarorin biyu, ya zo da jini a hannun riga.

"Malam, an kwashe ƙore."

"Inna lillahi. Yanzu ni kike zargi, Malama?"

"Kai ka ce kiɗa ba tarbiyya ba ne."

"Na faɗa, kuma ko gobe zan maimaita. A gaban jama'a na faɗa, aka rinjaye ni, na haƙura. Da zan hana, da rana tsaka zan hana, ba zan aiko mace cikin niƙabi ba."

"Ina iyalinka da asuba?"

"Tana Kano tun azumi. Ni kuma tun da aka sallame salla nake kan raguna, ga mutane nan ki tambaye su."

Ta tambaya. Gaskiya ya faɗa, mutumin nan taurin kai ne da shi amma ba ya noƙe-noƙe.

Sai Kyauta, mai koyar da girki. Sun yi cacar baki makon jiya a kan wa za a ba lokacin bayan azahar, kiɗa ko gasar masa, kuma Kyauta ce ta sha kaye. Ta iso tana haki, direban gidansu yana sauke kuloli.

"Yaya Safi, wai an yi sata? Ya Allah! Ma fi amana, babu amana a garin nan."

"Ina kike da asuba?"

"Gaban tanda. Dubi hannuna." Ta nuna ƙunar mai. "Khalas, shi ke nan, in ni kike nufi ki faɗa kawai."

"Ban ce ba. Taimaka mini da wannan." Safiatou ta tsoma tsohuwar ƙwaryar nan a ruwa ta miƙa mata. "Ajiye mini ta bushe."

Kyauta ta karɓa da yatsu biyu, ta kai tsakiyar fili ta dangwarar da ita baki sama a cikin ranar da ke iya gasa ƙwai. A Makka aka haife ta, ba ta taɓa ɗora ko kofi a kai ba. Safiatou ta bi ta ɗauke ƙwaryar kafin ta tsage, ta cire Kyauta daga zargi.

Zuwa lokacin mata sun cika wuri, labari ya bazu. 'Yan matan aji sun yi cirko-cirko cikin ankonsu, wasu har da hawaye. Wadda ta fi kowa salati ita ce Gogo Delou, tsohuwa 'yar Maraɗi, wadda ita ta koya wa yaran riƙon ludayi, jikarta Khairat kuma ita ce mai ba da waƙa.

"Ƙaddara ce, ɗiyata," in ji ta. "A bar kiɗan ga bana. A yi masa, a yi karatu, kowa shi tafi gida lafiya."

Safiatou ta jawo bahon ruwa zuwa kusa da inda tsohuwar ke zaune, ta ɗauke faifan ta ajiye a gefe, ta shiga tambayar mata ɗaya bayan ɗaya abin da ta riga ta sani. Ba a jima ba, Gogo Delou, tana tsakiyar ba wata haƙuri, ko kallon bahon ba ta yi ba, hannunta ya miƙa ya ɗauki faifai ya rufe ruwan.

Zuciyar Safiatou ta yi nauyi. Da ta so a ce wata ce.

"Gogo, zo ki taya ni duba kayan lalle."

Suna shiga ɗaki ta tura ƙofa.

"Ina ƙorena?"

"Mi kika ce?"

"Ɓarawo ya bar lasifika ya ɗauki ƙwarya, to ba kuɗi yake nema ba, kiɗa yake son hanawa. Ya tarar na bar ƙwaryar ruwa ta kwana a jiƙe, sai ya kasa haƙuri, ya kife ta a inuwa ya zauna jiran ta tsane. Ɓarawon da ke jiran ƙwarya ta tsane, Gogo, ya san darajarta. Ya bar mai ɗinki don ya san ba ta da amo. Ya ɗora kaya a kai ya saki hannu, mu nawa ne a nan muka yi tallan fura har wuyanmu ya iya haka? Sannan ya rufe ruwa. Kowa a falon nan ya ga baho a buɗe yanzu, ke kaɗai hannunki ya ƙi zama."

Safiatou ta ci gaba.

"Saura direba. Bahaushen da zai wuce dattijo bai yi sallama ba, ɓuya yake yi. An kwana biyu ba a ga ɗanki Bachir a masallacin Juma'a ba."

Nan Gogo Delou ta zauna a ƙasa, ta fashe da kuka marar sauti.

"Kafil ɗinshi, uban gidan da ya ɗauko shi aiki, ya kai ƙara wai ya gudu daga aiki, alhali albashi ya hana shi. In aka kama shi sai jirgi. Jiya muna gwaji na ga maƙwabcin gidan ga ya leƙo yana zagi. In ya kira shurɗa, 'yan sanda, fa? Su jera maza su ce kowa shi fiddo iƙama? Na ce ma Bachir kar shi zo, ya ce sai ya ji muryar ɗiyarshi Khairat. Ni kuma na ce to babu muryar da za a ji. Na ce mishi shi kawo mota, gyara za a kai ƙoren."

Safiatou ta ji tausayinta har cikin ƙashi, amma fushinta bai sauka ba.

"Gogo, a gidan aiki muna shiru. A kasuwa muna shiru. An ce mu rage murya mun rage, har 'ya'yanmu sun tashi ba su san da wane harshe uwarsu ke kuka ba. Yini ɗaya a shekara, a wurin da muka biya haya, shi ma mu yi shiru? Wallahi ba zan yi ba. Ko da bokitin roba ne sai yaran nan sun yi waƙa yau."

"In aka tafi da shi fa?"

"Shi za a tambaya, ba ni ba, ba ke ba. Ina yake?"

Yana bayan masallacin unguwa cikin mota, ƙoren na baya an naɗe su da bargo. Safiatou ta karɓi wayar tsohuwar ta kira shi, ta gaya masa komai ba tare da kwana-kwana ba.

"Ka ajiye kayan a wajen mai gadi ka tafi, ba wanda zai ga laifinka."

Bachir ya ce: "Yaya, na gaji da zama kamar ɓera. Khairat ta ce mini akwai baitin da ta haddace domina. Ina zuwa."

Ya shigo ta babbar ƙofa, fuska a buɗe, ya yi wa mai gadi sallama da ƙarfi. Safiatou ta gaya wa mata cewa an samu ƙore, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, duk da Kyauta ta bi ta da tambaya har bakin kicin.

Bayan azahar aka kife ƙwaryar ruwa, 'yan mata suka zauna a zagaye. Gogo Delou ta ɗauki ludaya. Khairat ta ɗaga murya, Hausarta na karkacewa nan da can, amma Hausa ce, sauran suka amsa. Iyaye mata suka ɓarke da guɗa. A ɗaya gefen maza suka bar nama suka matso jikin katanga, Bachir a gaba.

Ana cikin baiti na biyu aka buga ƙofar waje da ƙarfi. Maƙwabcin ne, yana ɗaga waya sama, yana rantsuwa zai kira hukuma. Ludayan yara suka tsaya. Wasu maza suka fara duban katangar baya. Bachir bai motsa ba.

Malam Dalhatu ne ya miƙe, ya gyara hula, ya je ya cika bakin ƙofa da jikinsa.

"Wurin nan namu ne har magariba," ya ce da Larabci tsantsa. "Yaranmu ne ke waƙa. In nama kake so, bismilla. In kira za ka yi, ni ne shugaba, sunana Dalhatu."

A ɓangaren mata duk ido ya koma kan Gogo Delou. Ta san ɗanta yana bayan katangar nan, ta san kuma abin da waya ɗaya za ta iya jawowa. Ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi jikarta.

"Wa ya ce ku tsaya? Ubanki na saurare. Ɗauko daga farko."

Ta sauke ludayi a kan ƙwaryar ruwa da ƙarfin da sai da aka ji shi a titi.