Motar Da Ta Ƙi Yin Fashi

"Kowa ya kwanta! Kai tsoho, ɗaga hannunka!"

Muryar Rochelle ce, shugabar gungun 'yan fashin, a cikin shagon gwal na Haddad da ke Detroit, da rana tsaka. Otis, ƙaton da ke cika ƙofa, yana kwashe sarƙoƙi cikin jaka. A waje kuwa Wendell direba na zaune cikin jif ɗin da ya sato musu, yana shafa sitiyari kamar mai lallashin jariri.

Rochelle akwalar mota ta ce a samo, wadda ba mai kallonta sau biyu. Amma Wendell ya daɗe yana tallar motoci kafin a kore shi, kuma bai taɓa mallakar irin wadda yake yabo ba.

"Oga, kujeru layi uku!" in ji shi ranar da ya kawo ta. "Rufin gilashi! Kujerar ma ɗumama miki baya take yi cikin sanyin nan. Ido gare ta gaba da baya."

"Tana gudu?"

"Gudu? Ki bari kawai."

Yanzu ga Rochelle da Otis sun fito daga shagon da jakar a guje. Otis ya haura can layin ƙarshe don tsaron baya, ya matse kamar kifin gwangwani. Rochelle ta faɗa gaba.

"Taka!"

Ƙing-ƙing-ƙing!

"Mene ne kuma?"

"Bel ɗin kujera ne, Oga. Sai kin ɗaura take yin shiru."

"Bel ɗin gidanku! Taka!"

A shago, Haddad ya riga ya rarumi waya, ya kira 'yan sanda. "Fara ce, tana walƙiya kamar ɗakin biki! Ba za ku rasa ta ba!"

Ba su rasa ta ba kuwa. Kafin su bar unguwar, jiniyar Sajan Kowalczyk tana bayansu. Wendell ya murɗa zai tsallaka layi, sitiyarin ya dawo da kansa.

"Ba ta son a canja hannu babu sigina," ya ce, yana gumi.

"To sa siginar mana, sakarai!"

Ya sa. Sajan ya ga fitilar hagu tana ƙyafta masa ido, ya yi dariya, ya bi hagu.

Lungu ne, a ƙarshensa ƙofar waya a rufe.

"Buge ta!"

Wendell ya rufe ido, ya danna totur har ƙasa. Ƙiiiii! Motar ta tsaya cak, saura taku ɗaya, goshin Rochelle ya gaisa da gilashi.

"Ta hango ƙofar ne," ya ce a hankali. "Don kare rai aka yi."

Rochelle ba ta ko zage shi ba. Ta fizgi jakar, ta haure wayar, ta ɓace.

Wendell ya dira. Shi ma zai iya haurewa, jiniyar ba ta shigo lungun ba tukuna.

"Wendell! Ɗan'uwa, fitar da ni! Ƙafata ta maƙale!" Otis ne daga baya.

Kujerar tsakiya ba ta kwanciya da ƙarfin hannu, sai da maɓalli. Ya kalli wayar. Ya kalli Otis. Ya danna.

Zzzzzz... Kujerar ta fara sunkuyawa a natse, kamar tsoho mai ciwon baya zai ɗauki allura. Ba ta kai rabi ba aka ce, "Hannu sama!"

Rochelle ma ba ta kwana a waje ba: idon motar na gaba ya ɗauki fuskarta tas. Gwal ya koma wa Haddad, su kuma alƙali ya yanka musu shekarun da ko sun fito, an daina yayin wannan jif.

Amma a lungun, Sajan zagaya motar ya yi yana fito. "Kai, wannan kaya! Me ya tsayar da ku?"

"Birki ne mai kama kansa, Yallaɓai," in ji Wendell, ankwa a hannu. "In ka ɗauki babbar, har da..."

"Yi mana shiru!" Otis ya daka masa tsawa.

Aka tura su bayan motar 'yan sanda. Kujerar roba ce mai tauri, sanyi ƙalau. Wendell ya shafa ta, ya taɓe baki.

"Wannan ko ɗumi babu."

"Babu," in ji Sajan, yana tayar da ita. "Amma inda aka ce ta je, nan take zuwa."