Faifan da Ɓarawo Ya Tausaya Wa

Da Zainul'abidin ya dawo daga sallar Juma'a, ya tarar an ɓalle ƙofar ɗakinsa a Omdurman, amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin kiɗa, ta tafi. Kafin ɗan sanda Saje Ashafa ya iso, samarin unguwa sun ɗaure Hamuda mai sayar da ruwa a jikin ƙafar amalankensa, cikin rana. Tun bayan yaƙi, wanda aka kira ɓarawon gidaje ba kotu ake kai shi ba, shingen masu bindiga ake miƙa shi. Kaɗan ne suke dawowa.

"Janabu, ruwa na zuba a randa na fita," in ji Hamuda ga sajen. "'Ya'yana ba su san inda nake ba."

"Ana kiran la'asar za mu kai shi," in ji wani saurayi.

Ashafa bai da mota, bai da kurtu ko ɗaya. Ya shiga ɗakin. Baturan sola na nan, a garin da ake kashe mutum saboda batur. Wayoyin lasifika ba yanke su aka yi ba, kwance su aka yi, aka naɗe.

"Wa ya san kana da amfilifayar?" ya tambayi Zainul'abidin.

"'Yan zaurenmu na waya. Muna tura hotunan kayan sautinmu, muna gardama. Yawancinsu sun gudu Masar. Abokina Labaran da Ustaz Almahdi ne kawai suka san gidan nan."

"Yaya ka bar ɗakin?"

"Taga a buɗe, faifai a kan garmaho." Ya juya, ya yi turus. Garmahon babu komai a kansa. Faifan yana kan kanta a tsaye, cikin jakarsa, a inuwa.

Ashafa ya zaro shi, ya daɗe yana kallon jakar. Ya karɓi wayar mai gidan ya karanta gardamar zauren, sannan ya sa aka kira mutanen biyu. Duka suna maƙwabtaka.

Labaran, mai shagon gyaran wayar hannu, ya ce yana sahun baya a masallaci. Almahdi, tsohon malamin sakandare, ya ce ciwon kai ya kwantar da shi. A waje wani yana buga sanda a jikin tankin ruwan Hamuda.

Ashafa ya fitar da faifai biyu tsirara, ya ajiye jakunkunansu a gefe. "Ku mayar mini da su. Hannuna da gumi."

Labaran ya zura nasa cikin farar takarda, ya tura ta cikin kwali, baki da baki, yadda kowa ke yi. Almahdi ya riƙe nasa da tafin hannu, ya hure shi, ya juya takardar bakinta ya kalli sama, sannan ya tura.

"Ya zol, har yau?" in ji Labaran da salon kiran 'yan Sudan, yana dariya. "Kai kaɗai ne a duniya."

"Ƙura ba ta..." Almahdi ya katse maganarsa.

Ashafa ya ɗauko faifan kan kanta, ya zare takardarsa rabi. Bakinta sama yake kallo. Sauran na ɗakin duk gefe.

"Mai yunwa batur zai ɗauka, ya yanke waya don jan ƙarfe," in ji shi. "Wanda ya kwance waya ya naɗe, ya san darajarta. Saura ku biyu. Ɓarawon yana sauri, amma ya ga rana ta faɗo kan faifai, ya san za ta lanƙwasa shi, ya kasa wucewa. Hannunsa kuma ya yi abin da ka shekara kana wa'azinsa a zaure, Ustaz."

Almahdi ya zauna a ƙasa. "Nawa kayan sautin duk an kwashe a gidana na unguwar Alshajara. Ko allurar garmaho ba su bar mini ba. Amfilifayar tana ƙarƙashin gadona." Ya kama ƙafar wandon sajen. "Don Allah kada ka ba su ni."

Ladan ya fara gyara murya a lasifikar masallaci. Ashafa ya fita ya kwance Hamuda da kansa, ya faɗa wa samarin kayan sun fito, sauran na ofis ne. Bai faɗi suna ba. Da suka watse, ya fito da malamin ta ƙofar baya.

"Sanda ka ɗauke faifan daga rana, Ustaz," in ji shi a hanya, "kana ganin amalanken Hamuda ta tagar. Ka san wa za a ɗaure a cikin ranar."