Zagin Da Ya Zama Shaida

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, kofi na ta turiri a kicin ɗin gidan gonar Douwe. Nynke na yanka kek, mahaifinta Douwe kuwa ya ƙura wa saurayinta Hidde ido kamar mai duba saniyar da bai yarda da lafiyarta ba.

"To, ango," in ji Douwe, "tun kaka aikinka ya ƙare. Na samo maka gurbi a kamfanin madara, ka ce a'a. Yanzu me ake ciki?"

"Ina nema, Baba."

"A ina?"

"Wurare."

"Wurare! Griet, kin ji surukinki ko? Wurare yake nema!"

Griet, mahaifiyar Nynke, ta tura masa faranti ta ce, "Ci kek ɗinka, ka bar yaro ya sha kofi."

Nynke ta sunkuyar da kai. Ita kaɗai ta san inda Hidde yake zuwa in ya kama jirgin ƙasa da sassafe ya bar wayarsa a gida. A hukumar leƙen asirin gwamnati ya nemi aiki. Ya ci jarrabawa, ya zauna gaban likitan tunani, saura binciken hali da asali, wanda ba ya sauri don wani na gaggawa. Kuma tun ranar farko aka gargaɗe shi: wadda zai aura kaɗai zai gaya wa. In maganar ta fita, aikin ya tafi.

Shi kuwa Douwe mutumin kirki ne, amma Allah ya yi shi da baki. Abin da ya ji da safe, kafin la'asar ya zaga kasuwar shanu.

Da Hidde ya hau kekensa ya tafi, tsohon ya ajiye kofi ya ce, "Ba zan hana ki aure ba, wannan zamanin ya wuce. Amma in har malalacin nan za ki aura, kar ki nemi in riƙe hannunki ranar biki. Ƙafata ba za ta je ba."

"Haba Baba! Ba malalaci ba ne!"

"To me yake yi? Gaya min!"

Maganar ta zo mata har leɓe. Kalma biyu kawai, ta wanke masoyinta, ta dawo da mahaifinta. Sai ta haɗiye, ta fice zuwa garken shanu, ta yi kukanta har ta gode wa Allah.

Haka hunturu ya wuce. Gwaggonta na yi mata jaje, maƙwabta na gaishe ta da muryar ta'aziyya, mahaifinta ya daina yi mata wasa wajen tatsa. Wannan ne ya fi ƙona mata rai, don ita ce 'yar lelensa.

Wata yamma suna tafe a bakin magudanar ruwa, Hidde ya ce, "Sun nemi sunayen waɗanda suka san ni. Na ba su na Babanki."

Ta ja ta tsaya. "Kai, lafiyarka kuwa? Baba fa! Plis ka ce wasa kake!"

"Sun ce har da wanda ba zai rufa min asiri ba. Wa ya fi shi?"

"Shi ke nan, mun kaɗe."

Farkon bazara wata dattijuwa mai jaka, Madam Verhoef, ta yi sallama a gonar. Ta ce daga wani ofishin gwamnati take, Hidde ya nemi aiki, tana son jin halinsa. Douwe ya gyara zama, abin nema ya samu. Nynke na bayan ƙofa, ta kasa kunne.

"Halinsa? Madam, ko da filaya ba ki zaro magana daga bakin yaron nan! Na so in ɗura masa giya ranar bikin ƙauye don ya saki baki, kofi ɗaya ya sha ya ce ya gode. Na zage shi gaban mutane, ko gezau. Ga shegen lura! Ya shigo garke sau ɗaya, ya ce wai saniyar ƙarshe na ɗingishi, ni mai ita ban gani ba!"

"Ya taɓa yi maka ƙarya?"

"Ƙarya kam a'a. Shiru dai. Ya ma koya wa 'yata, ita ma ta zama dutse."

Matar ta yi ɗan murmushi, ta shanye kofinta, ta yi godiya.

Ciyawa ta yi kore sosai kafin a kira Hidde. Ya zo gonar da kansa ya ce ya samu aiki, kuma an ce shaidar wani manomi ta taimaka ƙwarai.

Douwe ya saki baki. "Wato da bakina na sama maka aiki? Wane irin aiki ne ake neman bebe?"

"Aikin ofis ne, Baba," in ji Nynke a hankali.

Tsohon ya dube ta, ya dubi Hidde, sai ya gane aikin sirri ne. Baki gare shi, amma ba wawa ba ne.

"Duk hunturun nan kin sani?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Ina gasa ki, kina shiru. Da kin gaya min, da na kashe muku aikin a kasuwa da hannuna. Kin san ubanki, yarinya. Ki yafe min."

Ranar biki shi ya riƙe hannunta har gaban coci, yana share ido da bayan hannu, yana cewa wai iska ce.

'Yan'uwana matasa, so ba a baki yake ba. Wanda ya ba ki amanarsa, ki riƙe ta ko da za a yi miki mummunar fahimta, ki kuma yi haƙuri da iyaye, don fushinsu ma ƙauna ce. Nynke ta yi shirun da ya fi kuka ciwo, ta tsira da mijinta, ba ta kuma rasa mahaifinta ba.